Manufar Tsara Tituna ta Scotland

Designing Streets takardar manufa ce da gwamnatin Scotland ta fitar a shekarar 2010, kuma ita ce ta farko a ƙasar da ta keɓanta ga yadda za a zana titunan unguwanni. Ta biyo bayan wata takardar manufar, Designing Places ta 2001, ta kuma ɗebo abubuwa da yawa daga Manual for Streets, jagorar da Ingila da Wales suka wallafa a 2007.

Jigonta shi ne a fara duban titi a matsayin wurin zaman jama'a kafin a dube shi a matsayin hanyar mota. Mai tafiya a ƙasa ne kan gaba, sai mai keke da motocin haya, motar gida kuwa ita ce ta ƙarshe. Wannan ya sauya aikin injiniya har a kan kwana. Kwana mai faɗi tana ba direba damar shanyo ta a guje. Idan aka matse ta, dole ya rage gudu, tsoho da yaro kuma su tsallaka cikin taku kaɗan. Haka nan manufar ba ta son unguwa mai yawan lunguna marasa ɓullewa, don suna tilasta wa mutum hawa mota ko da shagon da zai je na bayan katangarsa.

Aiwatarwa tana hannun ƙananan hukumomi, masu ba da izinin gini, kuma nan ne ainihin gwajin yake. A Fabrairun 2023 ƙasar ta amince da tsarin raya ƙasa na huɗu, NPF4, wanda ya ƙarfafa wannan tunani da batun unguwar minti 20, wato unguwar da mutum zai iya samun yawancin bukatunsa na yau da kullum kusa da gida ba tare da hawa mota ba.