Me Ya Sa Fotashiyam Ke Tsallake Mataki?

Duk wanda ya yi kemistiri a sakandare ya haddace 2, 8, 8, 1 a matsayin jerin ilektiron ɗin fotashiyam. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi dalili ba. Mataki na uku yana iya ɗaukar ilektiron 18, to me ya sa na goma sha tara ya bar shi da sauran gurbi, ya haye mataki na huɗu?

A 1913 Niels Bohr ya siffanta ilektiron yana zagaya cibiyar atom a kan da'ira tsayayya. Siffar ta dace da haidirojin, amma ta gaza a atom mai ilektiron da yawa. Lissafin Schrödinger na 1926 ne ya kawo obital, wato yankin da aka fi tsammanin samun ilektiron. Kowane mataki ya rarrabu gida-gida: s yana ɗaukar 2, p 6, d 10, f 14. Obital ɗaya kuwa biyu kawai yake ɗauka, su ma sai juyinsu ya saɓa, bisa ƙa'idar Pauli ta 1925.

Amsar tambayarmu tana cikin surar obital. Ilektiron ɗin 4s (gidan s na mataki na huɗu), duk da yawanci a nesa yake, yakan kutsa har kusa da cibiya, ya ratsa ilektiron na ciki da suka yi mata shamaki, ya ji janta sosai. Na 3d (gidan d na mataki na uku) ba ya kutsawa haka. Shi ya sa a fotashiyam da kalsiyam 4s ya fi sauƙin zama, ilektiron kuwa kamar ruwa ne, gangara yake bi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da jadawalin kibiyoyi na Madelung, mai cewa 4s ne ke cika kafin 3d, kamar doka mara togiya. Amma kiromiyam, mai ilektiron 24, 3d⁵ 4s¹ yake, jan ƙarfe kuma 3d¹⁰ 4s¹. Ga kuma baƙin ƙarfe: idan zai rasa ilektiron biyu, na 4s ne ke fara fita, ya rage 3d⁶. Ɗalibi mai lura zai ce, yaya wanda aka ce ya riga shiga zai riga fita? Gaskiyar ita ce, daga sikandiyam zuwa gaba jan cibiya ya ƙaru har 3d ya koma ƙasa da 4s. Sai dai 3d matsattse ne, ilektiron suna ture juna a cikinsa, don haka ɗaya ko biyu kan zauna a 4s mai faɗi, a bakin ƙofa, inda fita ba ta da wuya.