Romar da Ba Ta da Paparoma

Bahaushe ya ga an rubuta Debrecen zai karanta "Debrechen". Kuskure ne. A Hungariyanci harafin c sautin "ts" yake bayarwa, don haka Debretsen ake cewa, birni na biyu a girma a ƙasar Hungari.

Kirarinsa ya fi sunan ban sha'awa: kálvinista Róma, wato Romar mabiya Kalbin. To, Roma dai gidan Paparoma ce, mu ma a cikin sunansa muka cusa ta. Ga garin da ya juya wa Paparoma baya tun ƙarni na 16, amma da aka tashi yi masa kirari sai aka aro sunan gidan abokin hamayya. Shi kuwa Kalbin, Bafaranshen da ya zauna a Janiba, bai taɓa taka garin ba. Mutanen ma sun fi kiran kansu református, gyararru.

A watan Disamba rumfunan katako na kasuwar Kirsimeti kan cika dandalin Kossuth, gaban majami'ar nan mai ruwan ɗorawa da hasumiya biyu, wadda aka fara ginawa a 1805. Sunanta Nagytemplom. Nagy, babba, templom kuma daga Latin templum. Babu sunan waliyyi ko ɗaya, Babbar Majami'a kawai. Cikinta ma haka yake: farin bango, ba gunki, ba zane. Sai kujerar Lajos Kossuth, wanda ya shelanta 'yancin Hungari a nan ranar 14 ga Afrilu, 1849.

Bikin Kirsimetin kansa fa? Mu mun ɗauko Kirsimeti daga Turanci da sunan Kiristi a cikinsa. Su karácsony suke cewa, aro daga harsunan Silabawa, 'yar'uwar Crăciun ta Romaniya. Ka juya ta yadda kake so, ba za ka sami Kiristi a ciki ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce kalmar Kirista. Biyu ce: keresztény da keresztyén. Tushe ɗaya, ma'ana ɗaya, harafin y ne kurum ya sauya mazauni. Katolika na amfani da ta farko, wadda ta karkata wajen kereszt, gicciye. Furotesta suka riƙe ta biyu, tsohuwar siga, domin a ganinsu sunan daga Kiristi ya fito, ba daga itacen ba. Yadda akan gane Basakkwace da "shina" kafin ya faɗi garinsu, haka wannan y ke tona ɗarikar marubuci.

Saboda haka idan ka tsaya karanta allon sanarwa a ƙofar Nagytemplom, duba inda y ɗin ya zauna.