Kofanikus Ɗan Wace Ƙasa Ne?

Mai karatu, idan ka buɗe kundin ilmin nan na intanet da ake kira Wikipedia, ka shiga sashen Turanci, ka nemi Nikolas Kofanikus, wato masanin taurarin nan da ya ce duniya ce ke zagaya rana, za ka tarar da wani abu wanda ba kowa ke lura da shi ba. Al'adar kundin ita ce jimlar farko ta gaya maka sunan mutum da ranar haihuwarsa da ƙasarsa da kuma sana'arsa: wane marubuci ne ɗan Faransa, wance likita ce 'yar Masar. To shi Kofanikus sai aka faɗi zamaninsa da iliminsa, aka tsallake gurbin ƙasa, aka bar shi wayam. Kada ka zaci mantuwa ce. An yi shekaru ana kai ruwa rana a kan wannan kalma guda ɗaya tal, har aka gaji aka cire ta.

Bari in ɗan yi maka bayanin yadda gidan yake, don ka gane yadda faɗan ke aukuwa. A watan Janairu na 2001 ne Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, a kan sharaɗin kowa na iya shiga ya rubuta, kowa kuma na iya gyara abin da wani ya rubuta. Masu rubutun ba albashi ake biyansu ba, yawancinsu ma ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Kowane shafi yana da wani shafi a bayansa na tattaunawa, kamar dai zaure, inda ake zuwa a yi gardama. To sai wani a birnin Warso ya rubuta "ɗan Folan" ya je ya kwanta, kafin gari ya waye wani ya goge ya sa "Bajamushe", da rana wani ya zo ya ce ku duka kun yi kuskure, mutumin Furusiya ne. Irin wannan ja-in-ja ce, a shafuna da dama, ta sa a 2004 aka kafa doka cewa mutum ɗaya ba zai warware gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ba. Su kansu masu kundin suna da wani jeri na raha da suke tara rigingimun da suka ɗauka shirme ne, kuma rigimar Kofanikus na ciki.

Ni dai ban yarda shirme ba ce. Ruwa ba ya tsami banza.

An haifi Kofanikus ranar 19 ga Fabrairu 1473 a garin Torun, wanda Jamusawa ke kira Thorn. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya taso daga birnin Krakow, mahaifiyarsa Barbara kuwa 'yar gidan Watzenrode ce, attajiran Torun. Galibin manyan garin a lokacin Jamusanci suke yi, domin wata rundunar barade Jamusawa da ake kira Tuton ce ta kafa garin, ta kuma mulke shi sama da shekara 200. Ga inda abin yake da ban mamaki: su waɗannan 'yan kasuwa masu jin Jamusanci ne suka gaji da haraji da danniyar baraden, suka yi musu tawaye a 1454, suka aika wa Sarkin Folan cewa ya karɓe su. Aka yi shekara 13 ana gwabzawa. Kakan Kofanikus na wajen uwa yana cikin waɗanda suka tsaya a ɓangaren sarkin. A 1466 aka yi sulhu, Torun ta koma ƙarƙashin rawanin Folan. Ka ga ke nan shekara bakwai kacal kafin a haifi yaron garinsu ya sauya ubangida.

Uban ya rasu yana ɗan kimanin shekara goma, kawunsa Lukas, wanda daga baya ya zama bishof na yankin Warmiya, shi ya riƙe shi. Ya shiga jami'ar Krakow a 1491, ya tafi Italiya a 1496, ya yi karatu a Bologna da Padua, ya karɓi digirin shari'ar majami'a a Ferrara a 1503. Da ya dawo gida ya zauna a Warmiya, galibi a wani ƙaramin gari na bakin ruwa, Frombork, yana aikin majami'a, yana duba marasa lafiya, yana lissafin gonaki da kuɗi, da dare kuma yana duban sama. Babban littafinsa ya fito a birnin Nuremberg a 1543, a shekarar kuma ya rasu.

To daga cikin wannan rayuwa ce kowane ɓangare ke tsintar abin da ya yi masa daɗi. Masu cewa Bajamushe ne za su ce maka: duba, da ya je Bologna a ƙungiyar ɗaliban Jamus ya rubuta sunansa, littattafansa da Latinanci ya yi su, amma akwai wasiƙunsa da Jamusanci, alhali ko takarda ɗaya ba a samu da ya rubuta da harshen Folan ba. Duk gaskiya ne. Masu cewa ɗan Folan ne sai su ce: ai ita waccan ƙungiya ta Bologna ba fasfo ba ce, tsarin zaman baƙi ne, kamar yadda a zangon Kumasi ake kiran wanda ya fito daga arewa Bahaushe ko da Bazabarme ne. Su ƙara da cewa talakan Sarkin Folan ne tun daga haihuwa har kabari, kuma da baraden Tuton suka sake kawo yaƙi a 1520, shi ne ya shirya tsaron ganuwar Olsztyn, har ya rubuta wa Sarki Sigismund takardar neman agaji. Wannan ma gaskiya ne. Ka ji wahalar shari'ar: babu maƙaryaci a cikinsu, kowa rabin tuwon ya ɗauko yana cewa shi ne malmala.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi kuwa, sai mun tsallako shekara 250 bayan rasuwarsa. A 1772 da 1793 da 1795, Rasha da Furusiya da Ostiriya suka yi wa Folan rabon gado da ranta, suka shafe ta daga taswira, ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba sai 1918. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa da tuta, me ya rage musu in ba harshe da manyan mutanensu ba? Shi ya sa a 1830, suna ƙarƙashin Rasha, suka kafa wa Kofanikus mutum-mutumi a tsakiyar Warso. Su ma Jamusawan a lokacin ba su da ƙasa guda, sai a 1871 suka haɗu, suna ta neman gwarzayen da za su nuna wa duniya cewa su al'umma ɗaya ce. Da Sarkin Bavariya ya buɗe zauren tunawa da manyan Jamusawa mai suna Walhalla a 1842, Kofanikus na ciki. Mutumin da ya shafe rayuwarsa a lungun duniya ba ruwansa da kowa, sai ga shi ya wayi gari da dangi biyu suna jan likkafaninsa.

Daga nan sai abin ya wuce gardamar malamai. Da sojojin Hitila suka mamaye Folan a 1939, sun zo kan mutum-mutumin nan na Warso suka rufe rubutun harshen Folan da ke jikinsa da wani allon ƙarfe na Jamusanci, wai masanin nasu ne. Ranar 11 ga Fabrairu 1942, wani saurayi ɗan sikawut mai shekara 21, Maciej Dawidowski, ya lallaɓa ya kwance allon ya ɓoye shi. A wancan lokaci irin wannan aiki a bakin ransa yake yinsa. Yaron bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya rasu a 1943 sakamakon harbin da aka yi masa a wani farmaki na kuɓutar da fursunoni. 'Yan makaranta a Folan suna karanta labarinsa. Saboda haka idan wani a can ya ga an goge "ɗan Folan" daga sunan Kofanikus a kwamfuta, wallahi ba kalma yake gani ba, allon nan yake gani an sake ɗaurawa. Folan ta yi asarar mutum kusan miliyan shida a wannan yaƙi. A ɗaya gefen kuma, bayan 1945 an kori miliyoyin Jamusawa daga garuruwan da kakanninsu suka zauna ɗaruruwan shekaru, aka sauya sunayen garuruwan. Jikokinsu su ma suna da abin da suke ji idan aka rubuta tarihi kamar ba su taɓa zama a wurin ba.

Wannan batu na sunan gari shi ya haifar da rigimar da ta fi kowace suna a tarihin kundin. Akwai wani birni a bakin teku, ba shi da nisa sosai da Frombork, mutanen Folan na kiransa Gdansk, Jamusawa na kiransa Danzig. A nan aka yi harbin farko na Yaƙin Duniya na Biyu ranar 1 ga Satumba 1939, a nan kuma ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa suka yi yajin aikin 1980 ƙarƙashin Lech Walesa. An yi shekaru ana goge wannan suna ana mayar da wancan, har a watan Fabrairu zuwa farkon Maris na 2005 aka ce to a kaɗa ƙuri'a. Hukuncin da ya fito shi ne: idan ana maganar abin da ya faru tsakanin 1308 da 1945 a rubuta Danzig, kafin nan da bayan nan a rubuta Gdansk, idan kuwa tarihin mutum ne wanda ba a shakkar Bajamushe ne ko ɗan Folan ne, a fara da sunan da mutanensa ke kira, a sa ɗayan a gefe. Sulhun ya kwantar da ƙura, amma fa ba kowa ya ji daɗi ba, domin a cikin waɗannan shekaru akwai sama da 300 da birnin yake ƙarƙashin Sarkin Folan, ko da yake galibin mazaunansa Jamusanci suke yi. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ce ƙuri'a ce za ta raba gardamar tarihi. Yau da a ce ranar ƙuri'ar wasu sun fi wasu yawan 'yan'uwa masu kwamfuta fa? Amma kuma, in ban da haka yaya za a yi da mutanen da babu alƙali a kansu?

Ba Kofanikus kaɗai ba ne. Nikola Tesla, gwanin lantarki, an haife shi a 1856 a wani ƙauye da yau yake cikin Kuroshiya, iyayensa Sabiyawa ne, ƙasar a lokacin ta daular Ostiriya ce, shi kuma ya zama ɗan Amurka a 1891. Shi ma an sha dambe a kansa.

Kada kuma mu yi dariya da yawa, don tambayar tana jiranmu a ƙofar gida. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 a Maratta ta ƙasar Gobir, wurin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, ya rasu a Sakkwato a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta rasu a 1864. Sunan Nijeriya kansa sai a 1897 aka ƙirƙiro shi, ƙasar kuma aka haɗa ta a 1914. Wanda ya rubuta "marubuciya 'yar Nijeriya" bai yi nufin ƙarya ba, yana nuna wa baƙo inda zai duba a taswira ne, amma ya ɗaura mata zanen da ba ta taɓa gani ba. Ita da za a tambaye ta, da addininta da gidansu da jama'ar Shehu za ta amsa.

Haka nake ganin lamarin Kofanikus. Tambayar "ɗan wace ƙasa ne" tambayar zamanin fasfo ce. Mutumin 1500 ya san garinsu, ya san sarkin da yake yi wa biyayya, ya san harshen da yake magana da shi a gida da wanda yake rubutu da shi, kuma ba dole ba ne waɗannan su zo ɗaya. Shi ya sa na fi ganin adalcin abin da masu sashen Turanci suka yi: suka bar jimlar farko babu ƙasa, suka keɓe wani wuri can ƙasa suka zayyana hujjar kowa. Sai dai kuma shirun yana da nasa aibin. Mutum nawa ne ke karatu har can ƙasa? Yawanci layi biyu ake dubawa a rufe. Daɗin daɗawa, rigimar ba mutuwa ta yi ba, rabuwa ta yi gida-gida, tunda kowane harshe da nasa kundin da nasa masu gyara. Sashen harshen Folan tun a layin farko ya kira shi nasu. Sashen Jamusanci ya kewaye, ya ambaci muƙaminsa na majami'a a yankin da suke kira Ermland cikin Furusiya. Tsohon kundin Britannica kuwa, wanda editoci masu albashi ke rubutawa, masanin taurari ɗan Folan ya ce. Yaro a Warso da yaro a Balin za su yi aikin gida a kan mutum ɗaya su kawo amsa biyu, kowa kuma ya rantse a kundi ya gani.

Shi kuwa mai gayya mai aiki, ko kabarinsa an daɗe ba a san takamaiman inda yake ba. A 2005, shekarar da ake ƙuri'ar Gdansk, masu tonon tarihi suka samu ƙoƙon kai da ƙasusuwa a ƙarƙashin daɓen majami'ar Frombork. Da aka zo tabbatarwa sai aka tafi Suwidin, domin sojojinsu sun kwashe littattafansa ganima a 1626, suna ajiye a jami'ar Uppsala. A cikin ɗaya daga littattafan aka tsinci silin gashi, aka yi gwajin ƙwayar halitta, a 2008 aka sanar cewa ya dace da ƙasusuwan. Aka sake binne shi a Frombork ranar 22 ga Mayu 2010. Wata uku kafin nan, ranar 19 ga Fabrairu, wadda ta yi daidai da cikarsa shekara 537 da haihuwa, aka raɗa wa sinadari na 112 suna Kofanisiyam. Masanan da suka fara haɗa sinadarin a 1996, suka kuma zaɓi sunan, a garin Darmstadt na Jamus suke aiki.