Damben Da Ba A Yi Ba: Muhammad Ali Da Stevenson

A shekarar 1974, wadda aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a cikinta, Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a Kinshasa. Mu da muke samari a wancan zamani a rediyo muka ji labarin, kuma daga nan wata gardama ta kafu a majalisun Garun Malam da Kadawa, wadda har yau mukan ji dattawa suna tayar da ita a Kwanar Gafan: me ya hana Ali karawa da Teofilo Stevenson, mutumin ƙasar Kuba?

Stevenson ba kanwar lasa ba ne. Sau uku a jere ya ci zinare a wasannin Olamfik, a 1972 da 1976 da 1980. Masu shirya dambe a Amurka sun yi masa tayin maƙudan kuɗi, amma ya ƙi. Masoya Ali suka ce tsoro ne. Masoya Stevenson kuwa suka ce Allah ne ya rufa wa Ali asiri, domin ya girmi yaron da shekara goma, ƙarfinsa kuma ya fara ja da baya.

A ganinmu duka ɓangarorin sun kauce hanya. Tun farkon shekarun 1960 gwamnatin Fidel Castro ta haramta damben neman kuɗi, ba a kuma ɗage haramcin gaba ɗaya ba sai a 2022. Da Stevenson ya karɓi tayin, da ya rabu da ƙasarsa ke nan. Ga kuma bambancin ƙa'ida: shi ya saba da turmi uku, Ali kuwa da goma sha biyar. A kan wanne za a shirya?

Abin mamaki, mu da muka tashi muna kallon dambe da kaka bai kamata wannan ya ɗaure mana kai ba. Mun san ɗan Kudu da ɗan Arewa da Guramada ke karawa, amma 'yan ɓangare ɗaya ba su sa zare da junansu, kome ƙaiƙayin 'yan kallo, kuma ba mu taɓa kiran hakan tsoro ba. Dokar gida ce.

Daga baya sun haɗu, ba a fage ba. A 1996 Ali ya kai agajin magunguna birnin Havana, Stevenson ne ya tarbe shi. Stevenson ya rasu a 2012, Ali kuma a 2016, Allah ya jiƙansa.