Zakami a Ƙasar Madarunfa

Duk wanda ya bar birnin Maraɗi ya nufi kudu, ya ratsa gonakin Jiratawa inda zogale yake shan ruwan rani, har Allah ya kai shi bakin tafkin Madarunfa, abin da za a fara nuna masa shi ne kushewun waliyyai 99 da ake cewa sun kewaye ruwan, waɗanda dominsu ne jama'a suke yin tattaki daga nesa don ziyara da neman tabarruki, kuma dominsu da tafkin da dajin da ke maƙwabtaka da shi ne hukumar Nijar ta gabatar da wurin ga UNESCO a shekarar 2006. Amma akwai wani daɗaɗɗen mazaunin ƙasar wanda ba a nuna wa baƙo, alhali kuwa babu ƙauyen da ba ya cikinsa, tun daga Safo har Gabi da Ɗan Isa: wani tsiro ne da ke fitowa a kan juji da kufai da bayan danga, mai faffaɗan ganye, mai dogon farin fure kamar kakaki, mai 'ya'ya masu ƙaya cike da ƙananan ƙwayoyi. Shi ne zakami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, wasu kuma babba-jibji.

Dalilin da ya sa na ga ya wajaba a waiwayi tarihinsa shi ne, a wannan zamani samarinmu suna jin labarin wata irin laimar kwaɗi ta ƙasashen waje wadda ake ci a ga abubuwan al'ajabi, sai waɗansunsu su zaci cewa ita da zakamin bayan gidansu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Wannan zato kuwa ɓatacce ne, kuma yana iya cin rai.

Asalin labarin wannan laimar kwaɗi daga ƙasar Meziko yake. Tun ƙarni na 16 wani malamin Kirista ɗan Sifen, Bernardino de Sahagún, ya rubuta cewa mutanen ƙasar suna cin ta a wuraren ibadarsu. Bayan haka sai al'amarin ya ɓuya a cikin duwatsu har tsawon ƙarnoni, yana hannun masu magani na ƙabilar Mazatek, waɗanda ba su taɓa ta sai da dare, sai kuma don marar lafiya. A shekarar 1955 wani ma'aikacin banki Ba'amurke, Gordon Wasson, ya isa garin Huautla, wata mai magani da ake kira María Sabina ta yarda ya halarci zamanta. A 1957 ya buga abin da ya gani a mujallar Life. A 1958 masanin haɗa magunguna Albert Hofmann ya tace sinadarin da ke cikinta a birnin Basel, aka sa masa suna silosibin. Abin da likitoci suka tabbatar game da aikinsa shi ne, yana fara motsi kafin sa'a guda ta cika, ya kai matuƙa, sa'an nan ya sake mutum cikin sa'a 4 zuwa 6. A tsawon wannan lokaci launuka suna rikiɗa, lokaci yana miƙewa, wani ya sami natsuwa, wani kuma tsoro mai tsanani ya rufe shi. Wanda ke da ciwon tabin hankali a jininsa tana iya tayar masa da shi, wanda kuma ya yi kuskuren tsinkar mai dafi a maimakonta hantarsa na iya lalacewa. Amma galibi mai cinta ya san cewa wani abu ya ci, kuma idan gari ya waye yana tuna abin da ya gani. Ita kuwa María Sabina ba ta ga alherin shaharar ba: baƙi suka cika garin, 'yan sanda suka biyo su, aka ƙone mata gida, kuma a 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa silosibin cikin abubuwan da aka fi tsananta haninsu.

To, zakami ba haka sha'aninsa yake ba, ko kusa. Sinadaran da ke cikinsa, waɗanda masana suka kira atirofin da sikofolamin, ba ƙawata wa mutum abin da yake gani suke yi ba. Raba shi suke yi da duniyar baki ɗaya, su sa shi cikin wata wadda ba ya shakkar gaskiyarta. Farko maƙogwaro ya bushe har haɗiyar yawu ta gagara, ƙwayar ido ta buɗe har haske ya zama azaba, jiki ya yi zafi gumi ya ɗauke, zuciya ta riƙa bugu da sauri, fitsari ya tsaya. Sa'an nan sai a ga mutum yana hira da waɗanda ba su nan, yana tsintar abin da babu a ƙasa ko a jikin rigarsa, yana tuɓe tufafi a gaban surukai, yana nufar rijiya ko tafki yana zaton hanya ce. Wannan hali yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ya zarce haka, domin dafin da kansa yana sa hanji ya yi nauyi, sai abin da aka ci ya daɗe a ciki yana ƙara narkewa. Ganin ido kuwa yana iya yin mako bai daidaita ba. Idan Allah ya sa ya farfaɗo, mafi yawan abin da ya aikata ba ya tunawa, sai dai a ba shi labari ya sunkuyar da kai. An rubuta cewa a shekarar 1676 waɗansu sojojin Ingila a Jamestown ta Amurka sun dafa ganyen wani ɗan'uwan zakami suka ci, suka yi kwana 11 cikin gushewar hankali, da suka warke kuma babu wanda ya san abin da ya faru. Babban haɗarin, wanda ya kamata kowane uba ya sani, shi ne ƙarfin dafin ba ɗaya ba ne daga tsiro zuwa tsiro, ko daga damina zuwa rani, saboda haka babu wani ma'auni da za a ce mutum ya tsaya a kansa ya tsira. Kuma a ƙasa irin tamu, inda zafin bazara yake haura digiri 40, ɗaukewar gumi kaɗai ta isa ta kashe.

Tambayar da ta dace da mai nazarin tarihi ita ce: yaya kakanninmu suka zauna da irin wannan tsiro a ƙofar gida shekaru aru-aru, ba tare da ya zama annoba ba?

Katanga ta farko tana cikin tsarin zaman mutanen kwarin gulbin Maraɗi. Kafin Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu a 1807 su kafa sarautarsu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, ƙasar nan ta Anna ce, manoma da maharba da masunta da maƙera, kuma kowace zuriya tana da abin da take kira gadonta, watau sana'arta da asiranta da magungunanta, waɗanda ba a bayar da su ga bare, ba a kuma damƙa su ga yaro sai an ga hankalinsa ya zauna. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazari a wannan kwari, ya yi dogon bayani a kan gado a littafinsa na 1975, Jacqueline Monfouga-Nicolas kuma ta rubuta a kan borin Maraɗi a 1972. A cikin irin wannan tsari, sanin itatuwa masu dafi amana ce. Maharbi ya san abin da yake shafa wa kibiyarsa, boka da wanzami da ungozoma sun san ganyen da ake ɗaurawa a kumburi da wanda ake shaƙar hayaƙinsa idan fuka ta taso. Zakami yana cikin waɗannan, kuma Turawa ma sun yi ta sayar da tabar ganyensa ga masu fuka a ƙarni na 19. An kuma sha ruwaito cewa samarin Fulani sun yi amfani da shi a wajen sharo domin kada zafin bulala ya sa su motsa a gaban 'yan mata. Ba na cewa wannan zamani ya kuɓuta daga ɓarna, domin mugu bai taɓa ƙarewa a duniya ba, kuma mai son sace hankalin matafiyi ya san abin da zai zuba masa a fura. Abin da nake cewa shi ne, a da idan yaro ya sha zakami ana sanin hannun da ya ba shi, kuma mai wannan hannu yana da dattijon da zai tsaya a gabansa ya amsa tambaya.

Katanga ta biyu ita ce ta malamai, kuma a nan ne nake ganin an fi tauye wa magabata haƙƙinsu, domin da yawa suna zaton fiƙihunmu giya kaɗai ya sani. Likitocin Musulunci, tun daga Ibn Sina har Ibn al-Baitar wanda ya rasu a 1248, sun ambaci wani magani mai suna jauz masil, mai sa barci da gushewar hankali, kuma daga wannan suna ne masana tsirrai suka ɗauko rabin sunan da suke kiran zakami da shi, Datura metel. Masanan suna da saɓani har yau a kan ko tsiron da waɗannan likitoci suka sani shi ne wannan, ko kuwa namu daga nahiyar Amurka ya ƙetaro daga baya. Su kuwa fuƙaha'u na mazhabar Malikiyya ba su tsaya ga suna ba, sai suka dubi aiki. Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya rarrabe a cikin littafinsa al-Furuƙ tsakanin abubuwa uku masu taɓa hankali: muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya, mufsid, mai dagula hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da murƙid, wanda ke tafiya da hankali da ji da gani gaba ɗaya. Shaihu Ahmad al-Dardir, wanda ya rasu a 1786, a sharhinsa na Muhtasar Halil ya ambaci datura da sunanta a matsayin misalin kashi na uku. Hukuncin da suka fitar kuwa yana da hikima: irin wannan tsiro ba najasa ba ne, ba a yi wa mai shansa haddin giya, sai ladabtarwa gwargwadon ganin alƙali, abin da aka haramta shi ne gwargwadon da zai taɓa hankali, saboda haka ƙofar magani a buɗe take ga wanda ya san aikinsa, ƙofar wasa da hankali kuma a rufe. Waɗannan littattafai su ne ake karantawa a zaurukan Katsina da Maraɗi, ana fassara su da Hausa jumla bayan jumla. Ashe ɗalibin da ya kai wannan babi ya riga ya san hukuncin tsiron da ke bayan makarantarsa, ƙarnoni kafin a yi wata yarjejeniya a Turai.

Da Nasara suka zo suka raba ƙasar Katsina biyu, Madarunfa ta faɗa hannun Faransa, Jibiya ta faɗa hannun Ingila, zakami bai dame su ba sai ta fuskar rubutu. Likita J. M. Dalziel ya sa shi cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, shi ke nan.

Abin da ya sauya al'amari ya zo ne sannu a hankali, tare da yunwa da ci-rani da kuɗi. Farin shekarun 1973 da 1984 ya watsa gidaje, gandu ya rarrabu, samari suka saba da tafiya Kano da Legas suna dawowa da ɗabi'un tasha, dattijon da a da kalmarsa ke tsayar da unguwa ya zama ba shi da hatsin da zai riƙe 'ya'yansa da shi. Madatsar ruwan Jibiya ta rage ambaliyar da ke ciyar da fadama. A kan hanyar Ɗan Isa, wadda ke ɗauke da kayan halal dare da rana, ƙwayoyi suka shigo, daga baya tiramol ya zama abokin mai tura baro da ɗan kabu-kabu da mai noman ƙwadago. A cikin wannan kasuwa zakami ya sami matsayi mafi ƙasƙanci kuma mafi haɗari: shi ne abin wanda ba shi da ko dala. Ba a saye, ba a ƙetare iyaka da shi, jami'in duwan ba shi da abin kamawa, ba ya kuma cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar 1971 ta hana. A garuruwan Hausa na ɓangarorin iyaka biyu an sha jin an zuba shi a kunu ko zoɓo a wajen biki, waɗanda ba su ji ba su gani ba suka sha, har da mata da ƙananan yara. Wannan kuwa, a kowace shari'a, zalunci ne tsantsa, domin an ƙwace wa bawan Allah hankalinsa ba da yardarsa ba.

Akwai kuma wata musiba da ke biyo baya, wadda ta fi ba ni tausayi. Da yake alamomin zakami sun yi kama da abin da mutanenmu suka sani na taɓin iska, iyaye da yawa idan suka ga ɗansu yana magana da bango sai su ɗaure shi a ɗaki, a rufe shi da bargo, a turara masa hayaƙi, alhali jikinsa yana ƙuna ne daga ciki kuma ba ya iya fitar da gumi. Addu'a ba ta hana magani, malamanmu ma ba su taɓa cewa ta hana ba. Wanda aka gani da busasshen baki da buɗaɗɗiyar ƙwayar ido da zafin jiki babu gumi, a sa shi a inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, kada a ɗura masa kome da ƙarfi, a nisanta shi daga wuta da rijiya da bakin tafki, a gaggauta kai shi likita tare da ragowar abin da ya sha idan an samu. Likitoci suna da allurar da ke kwantar da fizgar, akwai kuma makarin wannan dafi da ake kira fisostigmin, wanda aka fara tace shi a 1864 daga wani wake da ke fitowa a dazuzzukan Kalaba, a kudancin Nijeriya, waken da mutanen can suke shayar da wanda ake tuhuma da maita a zamanin da.