Na'urar semikondakta mai gano tururin nukiliya: yadda ake ƙera ta da gwada ta

Tururin nukiliya, wato radiyeshon, ba ya wari, ba shi da launi, ido ma ba ya ganinsa. Sai da na'ura ake gane shi. Daga cikin na'urorin da suka fi iya tantance shi akwai waɗanda ake yi da semikondakta, irin sinadarin da ke cikin wayar hannu da farantin sola.

Yadda take aiki

Zuciyar na'urar wani ɗan yanki ne na silikon ko jamaniyom da aka tace sosai. Ana ɗora masa lantarki ta fuskar da wuta ba ta iya wucewa. Da tururin ya ratsa shi, sai ya farfaɗo da ƙwayoyin lantarki, su ruga gefe, a samu ɗan bugu da kwamfuta za ta ƙirga. Girman bugun shi ke nuna ƙarfin tururin, ƙarfin kuma ya tona asirin sinadarin da ya fitar da shi.

Yadda ake ƙera ta

Ana yanka silikon siriri, kaurinsa kamar milimita 0.3, a cusa masa boron a fuska ɗaya, fosfaros a ɗaya fuskar, sannan a shimfiɗa alminiyom don haɗa waya. Duk a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga ake yi. Wani Bajamushe, Josef Kemmer, shi ya fito da wannan tsari a 1980. Shi kuwa jamaniyom ba ya jure zafi, dole a sanyaya shi da ruwan naitirojin har digiri 196 ƙasa da sifiri.

Yadda ake gwada ta

Da farko ana kulle ta cikin duhu a auna wutar da ke yoyo. In ta yi yawa, aikin ya ɓaci. Sai a kawo sinadaran da aka san ƙarfinsu: siziyom-137 na bada 662 a ma'aunin keV, kobalt-60 kuma 1173 da 1332. In na'urar ba ta nuna waɗannan lambobin daidai ba, sai a sake saita ta.

Me ya shafe mu?

Asibitoci da kamfanonin mai na yankin Neja Delta na aiki da irin waɗannan sinadarai, kuma 'yan uwanmu da yawa a Legas, Ibadan da Fatakwal sana'ar gwangwan suke yi. A 1987, a garin Goiânia na Brazil, masu tsintar ƙarfe sun fasa tsohuwar na'urar asibiti mai siziyom-137, mutum 4 suka rasu.

Don haka in ka ga ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce kima, ɗauke da alamar fanka mai fukafukai uku, kar ka taɓa, kar ka fasa. Ka nesanta jama'a, ka sanar da hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya a Najeriya.