Tarihin Ƙara Bayani a Jerin JSON

JSON tsari ne na rubuta bayanai yadda kwamfuta za ta karanta, mutum ma ya gane. Ba'amurke Douglas Crockford ne ya fito da shi a 2001 daga cikin harshen JavaScript, aka rubuta ƙa'idarsa a 2006, aka sabunta ta a 2017. Kafin nan tsarin XML ke cin kasuwa, sai dai yawan alamominsa ya gundiri masu rubuta manhaja.

A JSON, jeri bayanai ne da aka jera tsakanin baka biyu masu kusurwa, waƙafi na raba su. Ƙara abu a ƙarshensa bai zo da sauƙi ba. A harshen Fortran na 1957, tun farko ake yanke girman jeri, in ya cika shi ke nan. Harsunan da suka biyo baya sun yi dabara: a ware wuri fiye da buƙata, in ya cika a nemi mafi faɗi a kwashe komai can. Haka push na JavaScript da append na Python ke aiki. Google ta saki laburaren Gson mai sarrafa JSON a 2008, rumbun bayanai na MySQL kuma ya samu umarnin ƙara abu a jerin JSON a 2015.

Ƙara abu a jerin da ke cikin fayil kuwa har yau yana da wuya. Bakan rufewa na tsaye a ƙarshe, don haka galibi sai an karanto jerin duka, a ƙara, a sake rubutawa. Wannan ya haifar da JSON Lines, inda kowane bayani ke cin layinsa.

A Legas, kamfanin biyan kuɗi na Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, da jerin JSON yake miƙa wa masu manhaja lissafin ciniki. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura fataken shanu na mayankar Oko-Oba da 'yan goron Agege ga tiransifa da POS, kuma a nan ne batun ƙari a jeri ya shafi aljihun talaka. Umarnin ƙari ba ya duba ko abu ya riga ya shiga. In netwok ya katse aka sake turawa, biya ɗaya na iya hawa sau biyu. Shi ya sa kowane ciniki ke ɗauke da lambar shaida tasa, wadda ake bugawa a rasit, kuma wajibi ne manhaja ta duba ta kafin ta ƙara komai.